Ƙaramin Kwanon da Ke Lambun Walia

Ni na sa hannu a takardar sayar da lambunmu na Walia, can tsallaken kogi, kuma ranar har daɗi na ji. Babanmu ya rasu shekara biyar kafin nan, lambun ya zama kufai, ba mai leƙa shi. Kakanmu ne ya sare wurin. Ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa zai je Makka, ya ce bari ya yi noman damina ɗaya a bakin kogi ya ƙara guzuri. Daminar nan ɗaya ba ta ƙare ba har ya haifi babanmu, babanmu ya haife mu. Mu kuwa 'yan unguwar Amriguébé ne a cikin gari, ni tela, ƙannena 'yan kasuwa, ba wanda ya san yadda ake riƙe fartanya. Da wani malamin asibiti ya ce yana son filin zai gina gida, ba mu yi wata-wata ba.

Sai da aka gama komai na faɗa wa Inna. Tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dakata, rariya a hannu, ba ta dube ni ba.

"Akwai kwanona a lambun nan," ta ce.

Na yi dariya. Na ce, "Inna, kwano kuma? Shekara ashirin da huɗu rabonki da Walia." Washegari na shiga babbar kasuwa na sayo mata sabbin kwanuka jere guda, ina ji da kaina. Ta sa mini albarka, ta tura su ƙarƙashin gado ko takardar jikinsu ba ta ɓare ba.

Goggo ce, yayar babanmu, ta zo ta buɗe mini ido, kuma ba ta yi shi a hankali ba. Ta same ni a shago ta ce in tsai da keken ɗinkin. "Kai dai in ba ramin allura ba, ba abin da kake gani," ta ce. Sannan ta ba ni labarin. Lokacin yaƙi, da harbi ya kore mu daga unguwa, mun tsallake gada mun zauna a bukkar lambun kusan wata biyu. Ni ina goye a baya. Yayata, 'yar farin Inna, tana da shekara huɗu, ƙyanda ta kama ta a can, ta rasu. Ba hanyar zuwa maƙabarta, sai maza suka rufe ta a cikin lambun. Mata ba sa bin gawa, don haka Inna ba ta ga wurin ba. Daga cikin bukka ta miƙa wa babanmu ɗan kwanon da yarinyar ke shan kunu a ciki, ta ce ya kife shi a kai don a gane wurin.

Na san ina da yaya da ta rasu, amma ban taɓa sanin a ina take kwance ba. Kowa ya san yadda iyayenmu mata suke da ɗan fari: ba sa kiran sunansa, ba sa nuna suna sonsa, ko ciwo yake yi sai dai wata ta tambaya a madadinsu. Inna ta riƙe wannan kunyar har bayan mutuwa. Ba ta taɓa tambayar babanmu inda ya sa yarinyar ba, shi ma bai taɓa faɗa ba, har ya tafi da sanin. Mu 'ya'yanta muka ɗauki shirunta a kan mantuwa. Iyakar abin da bakinta ya iya furtawa shi ne maganar kwano, ni kuma na je na sayo mata sabo. Ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar nan ba.

Na hau babur na nemi malamin asibitin. Mutumin kudu ne, Kirista, mai magana ƙasa-ƙasa. Ya saurare ni har na gama, ya cire tabarau ya goge. Ya ce ranar Litinin magina za su fara haƙa tushen gini da rijiya da ramin masai, kuma ba zai iya ɗagawa ba, don damina ta matso. Amma daga Juma'a zuwa Lahadi filin namu ne, in mun gano wurin mu nuna masa. Na je na duba lambun. An sare wata kurna da Goggo ta ce tana wurin a da, an yi gawayi da ita, ko kututture babu. Ambaliya kuma kowace shekara sai ta zo ta shimfiɗa sabuwar laka ta koma. Fili ya zama sumul kamar faifai, sai ɗan kwarin tsohuwar rijiya kawai ya rage.

Nan ne na tuna da Sarjan. Maƙwabcinmu ne, tsohon soja, kuma da wannan muƙamin kowa ke kiransa. Bayan ya ajiye kaki ya yi shekaru a arewa cikin masu tone nakiyoyin da yaƙi ya bari a ƙasa. Ya dawo da kunne ɗaya, don na hagun ya daina aiki, ya kuma dawo da wani tsohon detekter da aka ce ya mutu aka yar, shi ya tashe shi da dalma da haƙuri. Sanda ce doguwa mai faranti a gindi, in farantin ya bi ta kan ƙarfe sai ta yi kuka a cikin abin sawa a kunne. Abin kunnen ma ɓangare ɗaya ke magana, Sarjan yakan ce Allah ne ya haɗa su. A unguwa yana nemo wa mata ɗan kunnen da ya faɗi a yashi, yana nuna wa magina inda bututun ruwa ya bi.

Ya biyo ni gida, ya tsuguna daga bakin ƙofa ya gaida Inna. Bai ambaci kabari ba ko sau ɗaya, shi ma ɗan cikin gida ne, ya san abin da ake faɗa da wanda ba a faɗa.

"Innar yara, kwanon nan na wane ƙarfe ne?"

"Samira ne."

"Yana da 'yan'uwa?"

Ta shiga ɗaki ta fito da samirunta na aure, farare masu shuɗin baki da jan fure, guda biyar, kowanne cikin ɗan'uwansa. Na shidan, ƙaraminsu, shi ne babu. Sai a lokacin na gane wani ɗan murfi da ke yawo a gidanmu ba shi da kwano. Ni ne ma na ɗauke shi na kai shago ina zuba maɓallai a ciki, kuma ba ta taɓa ce mini komai ba.

Ranar Juma'a da sassafe muka tsallake gada, ni da Sarjan da Inna da Goggo. Ni na ƙagu a fara, amma Sarjan ya yi kamar ba mu da abin yi. Ya ɗauki kwano na biyar, wanda ke bin ƙaramin, ya je gefen fili ya haƙa rami rabin kamu ya kife shi ya rufe, ya bi ta kai da farantin yana saurare ido a rufe. Ya tone, ya ƙara zurfi zuwa kamu guda, ya sake saurare. Ya ce sai kunne ya san muryar abin da ake nema, in ba haka ba kowace ƙusa za ta kira mutum ya amsa. Ya sa mini abin kunnen. Kukan kwano mai faɗi ne, a kwance, yana farawa tun kafin farantin ya iso yana raka shi har ya wuce. Ya jefa murfin kwalba a ƙasa, wannan kuwa tsit ɗaya ya yi, siriri. Sannan ya nuna mini dabara: in aka ɗaga farantin sama kaɗan, ƙaramin abu yakan yi shiru, babba kuwa ba ya fasa magana.

Da na karɓi sandar, duk inda na juya sai ta yi kuka. Na ce ta lalace. Sarjan ya dube ni daga sama har ƙasa, ya miƙa hannu ya zare allurai huɗu daga wuyan rigata. "Wiledi, ɗana, kai kanka shagon ƙarfe ne," ya ce. Ya sa na cire agogo da zobe da bel da almakashin da ke aljihuna, na tsaya ina riƙe da wando kamar wanda aka kama. Har Inna sai da ta murmusa.

Matsalar ita ce lambun ya fi ƙarfin kwana uku. Sarjan ya tambayi Goggo ta ina mazan suka bi, ta ce ta gabas, bayan rijiya, iyakar saninta ke nan. Ya juya ga Inna ya ce ko akwai abin da ta gani.

"Ban ga komai ba," ta ce. "Ina jin diga, amma ba na jin maganarsu."

Sarjan ya ce kalas, wannan ya isa. Ya shimfiɗa mata tabarma kusa da kwarin rijiya, inda Goggo ta ce bukkar take, ta zauna ta ba gabas baya kamar yadda ta zauna ranar. Ni da shi muka riƙa tafiya gabas muna hira ƙasa-ƙasa irin ta masu jana'iza, bayan kowane taku biyar in daki ƙasa da diga. Ya ce mata in muryarmu ta ɓace mata ta ɗaga hannu, in dukan diga ya ɓace ta sake ɗagawa. Ina tafiya ina waiwayen bayanta, ƙaramar tsohuwa a tsakiyar fili, ta karkata kai tana sauraren abin da ta saurara shekara ashirin da huɗu da suka wuce. Hawaye suka zo mini, na ci gaba da surutun banza don aikin ke nan. Ta ɗaga hannu, muka kafa turke. Ta sake ɗagawa, muka kafa wani. Sarjan ya ƙara taku goma a kan na nesan, ya ce kunnen yau ba na jiya ba ne, shi ne shaida.

Tsakanin turakun nan biyu ya ja igiyoyi, ya raba wurin layi-layi, kowane layi faɗin taku ɗaya. Yana shiga layi yana kaɗa farantin dama da hagu, dab da ƙasa amma ba ya taɓa ta, kowane kaɗi yana hawa rabin na baya don kada a tsallake ko tafin hannu. In sanda ta yi kuka, sai ya ja farantin daga gabas zuwa yamma ya zana layi da yatsa inda kukan ya fi ƙarfi, ya juya ya ja daga kudu zuwa arewa ya zana wani. Inda layukan suka gicciye, nan abin yake.

Kukan farko mai ɗan faɗi da muka samu, ban san lokacin da na ɗaga diga ba. Sarjan ya cafke hannuna a sama, da wani ƙarfi da ban san yana da shi ba.

"Bishesh," ya ce. "A hankali. Abin da ke cikin ƙasa ba a zo masa ta ka. Ta gefe ake zuwa, kamar mai tashin mai barci."

Ya durƙusa, ya ja baya tafin hannu biyu daga giciyen, ya fito da wani tsinken ƙarfe mai mariƙin itace. Ya riƙa tura shi a karkace, a kwance-kwance, da yatsu uku kawai, har ya ji ya taɓa abu. Sannan ya fara yankan ƙasa daga gefe da cokalin magina, yana matsawa kaɗan-kaɗan, in ya kusa sai ya koma burushin fenti. Haka aka koya masa a arewa, inda duk wanda ya zo wa abu ta ka ba ya komawa gida. A nan ba abin da zai fashe, amma ya ce dalilin ma ya fi ƙarfi, mu alama muke nema a sama, ba mu da izinin taɓa abin da ke ƙasa da ita. Abin da ya fito ranar gwangwanin sardin ne. Ya cire shi, ya sake bi da farantin a kan ramin da kan tarin ƙasar, ya ce kullum a sake sauraren rami, don ƙaramin abu yakan zauna a kan babba ya rufe masa baki. Sannan ya mayar da ƙasa ya daddale.

Walia kuwa ba abin da ba ta haɗiye ba. Mun fito da ƙusoshi, da ƙugiyoyin masunta, da ruwan fartanya da Goggo ta rantse na kakanmu ne, da kwanson harsashi har muka cika bokiti. Lakar ta bushe ta tsattsage, tsinke ba ya shiga, sai muka riƙa ɗebo ruwa daga maƙwabta muna jiƙa layukan gobe kafin mu tashi. Inna tana kan tabarmarta ƙarƙashin zanen da na ɗaura mata a kan sanduna, tana dafa mana shayi. Duk sanda muka durƙusa sai ta duƙar da kai tana hura gawayin da ba ya buƙatar hurawa.

Ranar Asabar bayan azahar gwiwoyin Sarjan suka ƙi. Ya zauna ya miƙa mini sandar, na yi layi shida ni kaɗai. Na yi sauri, kuma na yaba wa kaina da saurin. Ranar Lahadi da hantsi muka gama layi na ƙarshe, babu kwano. Na zauna a ƙasa na rasa inda zan sa idona. Na fara tunanin ko babanmu a cikin ruɗewar ranar bai kife shi ba, ko wani ya tsince shi tuntuni. Gobe war haka magina za su zo da shebur, su haƙa inda suka ga dama. Inna ta fara naɗe tabarma, wannan ya fi komai ci mini rai.

Sarjan yana shan shayi, ya tambaye ni ba tare da ya dube ni ba, "Ramukanka na jiya, ka sake sauraren kowanne?"

Na so in ce e. Na ce, "Baba Sarjan, wasu ban yi ba."

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ajiye kofi, ya dafa kafaɗata ya miƙe, muka koma layukana muna bin ramukan ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu, inda na ciro kwanson harsashi uku na rufe na wuce, ya tsaya. Ya ɗaga farantin sama kaɗan. Ya ƙara ɗagawa. Sannan ya cire abin kunnen ya sa mini, na ji kukan nan mai faɗi, a kwance, can ƙasa.

Tonon ya ɗauke shi kusan sa'a guda, a kan gwiwoyin nan nasa. Tsinke ya taɓa abu mai santsi, ya zagaya da shi ya ji yana lanƙwasa. Ya yanki rami daga gefe kamar taga, ya ajiye cokali ya ɗauki burushi. A zurfin kamu guda da 'yan yatsu sai ga shuɗin baki, tsatsa ta ci gefensa, sai ga rabin jan fure. A kife yake. Sarjan ya ajiye burushin ya ce iyakarmu ke nan, ya ɗaga hannu muka yi addu'a.

Goggo ta kama hannun Inna ta kawo ta. Ta tsaya taku uku daga ramin, sannan ta ƙarasa da kanta ta durƙusa. Ta sa yatsa biyu ta shafa bakin kwanon.

"Ba abin da ya motsa shi?" ta tambaya.

Sarjan ya nuna mata bangon ramin. Laka ce hawa-hawa, baƙa da fara, a jere kamar zannuwa a cikin adaka, ba inda ta yanke. "Kowane hawa ambaliya ɗaya ce, Innar yara," ya ce. "Ruwa ya zo ya lulluɓe ya wuce. Tun ranar da aka kife shi a nan yake, abin da ke ƙarƙashinsa ma haka." Na tambaye ta ko in ciro mata kwanon. Ta girgiza kai, ta ɗebi ƙasa da hannunta ta fara mayarwa, muka taya ta.

Malamin asibitin ya iso daga coci da kayansa na Lahadi. Ya duba turken da muka kafa, ya duba zanen gininsa. Ramin masai ne zai faɗa daidai wurin. Ya ciro biro ya soke shi a kan takardar, ya mayar da shi can kusurwar yamma. Ya ce zai kewaye nan da bulo hawa biyu, kuma ƙofarsa a buɗe take ga tsohuwa duk ranar da ta so zuwa. Inna ba ta jin Faransanci, Larabcinta ma a ranar ya ƙi fita, sai ta sa masa albarka da Hausa, doguwa, shi kuma ya sunkuyar da kai yana cewa amin.

Da la'asar muka kamo hanyar gida. A bakin gada, inda ake jiran mota, mata sun jera tasoshin kifi, ɗanye, yana sheƙi, masunta sun fito da shi ke nan. Inna ta tsaya tana kallo. Ta taɓa hannuna.

"Sayo mini kifi," ta ce.

Na zaci ban ji daidai ba. Tun tasowata ban taɓa ganin ta kai kifi bakinta ba. Tana soya mana, tana yi mana miya da shi, ita kuma ta ci tuwonta da kuka. A garin da kogi biyu suka haɗu, mun taso muna cewa kifi ba ya karɓar Inna.

"Inna, ai ke ba kya ci."

Ta juya tana kallon ruwan. Ta yi maganar a hankali, kamar da kogin take yi.

"Shekarar nan, bayan mun koma gida, aka ce ruwa ya ci Walia har ba a ganin kan bukkoki. Ramin kuma cikin sauri aka haƙa shi, na ji da kunnena, digar ba ta daɗe ba. Na zaci ruwa ya ɗauki yarinyar ya kai kogi."

Ta gyara mayafinta, ta nuna wani babban karfasa a tasar da ke gabanmu.

"Wancan," ta ce. "Ka ce ta kankare shi."